Saitin manga mai araha: bango tsaf, ciki kuwa sai a hankali

Littattafai goma ne na manga, wato labaran zane na Japan, a kwali ɗaya, fassarar Turanci, daga hannun masu tallar nan na intanet da ke karya farashi. Kun san su, ba sai na kira suna ba. Tauraro biyu na ba shi cikin biyar, su ɗin ma bango ne ya ci su. Launinsa ya fita, lambar shaidar littafi ta ISBN mai alƙaluma 13 tana nan a baya, girman ma daidai da na bugun Amurka, wajen santimita 13 a faɗi, 19 a tsawo. In kana kallon hotonsa a waya, rantsuwa za ka yi na ainihi ne.

Da ka buɗe ciki sai asiri ya tonu. Manga baƙi da fari ne zalla, babu ruwan toka a cikinsa. Duk inuwar da kake gani a fuska, ko a riga, ko a sararin sama, ɗige-ɗige ne ƙanana baƙaƙe da aka jera a layi, sau da yawa layi 60 a inci guda. Idonka ne yake haɗa su ya ga toka. Maɗaba'ar gaske tana buga kowane ɗigo da gefensa tsaf. Masu jabun nan kuwa littafin da aka riga aka buga suka yi wa sikan, injin nasu ya sake ɗora nasa ɗige-ɗigen a kan na asali. Jeri biyu suka hau kan juna, ba su dace ba, sai wani zane ya ɓullo kamar saƙar tabarma. Kumatun jarumi tabarma, gajimare tabarma, hatta idon yarinya da ya kamata ya cika da ƙwalla ya zama gidan dara. A shafukan dare abin ya fi muni, domin baƙin bai kai baƙi ba, ya koɗe kamar rigar da ta sha wanki, ɗigon kuma ya cuɗe ya zama laka. Akwai wani fage a littafi na uku da ake faɗa cikin duhu, shafi huɗu a jere, ba ka iya gane hannun wa ke riƙe da takobi. Mai zane ya ɓata dare yana kankare hasken wata da wuƙa, an zo an mayar masa da shi dagwalo. Wannan shi ya fi ƙona min rai.

Gwajin ba wuya. Ka ɗora kyamarar waya a kan wurin da ke da inuwa, ka zuƙo. Na ainihi za ka ga ɗigo zagayayye, kowanne a wurinsa, fari tas a tsakaninsu. Na jabu ɗigon yana da gashi-gashi, tsakaninsu kuma da datti. Sannan ka duba siraran layukan gashi da na gudu: in suna tsinkewa, sikan ne.

Sai zane mai cin shafi biyu, wanda shi ne ƙoƙon ran duk wani babban fage. Tun da daga ɗaurarren littafi suka ɗauka, tsakiyar ta riga ta shige cikin ɗauri, su kuma suka ƙara cinye wajen rabin santimita da nasu gam. Fuska ta fito ba hanci. A gefe ma wuƙarsu ta yi ɓarna, ta datse bakin wasu da'irorin magana, sai ka cike harafin farko da ka.

Amma in za a yi adalci, labarin yana karantuwa. Ba su juya shafukan ba, daga dama zuwa hagu yake tafiya yadda aka zana shi a Japan, ba irin fassarorin shekarun 1990 da ake kifa zane har kowa ya koma bahago ba. Har shafin ƙarshen nan mai gargaɗin cewa ta baya ka fara sun kwafo. Ga sabon shiga: ka fara daga akwatin sama na dama, ka yi hagu, sannan ka sauko, maganganun cikin akwati ma haka. Wanda ya saba da allo ko ajami, shafi biyar ya ishe shi ya kama hanya. Rubutun ya fito sarai, takardar ta ma fi ta asali fari, ko da yake santsinta yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Da na kai littafi na shida har na fara tunanin ƙara tauraro, na ce don yaro mai son ya bi labari kawai, ai ya wadatar.

Na bakwai ya dawo da ni hayyacina. Daga shafi na 96 sai ya koma na 81, shafuka 16 sun maimaitu, 16 na gaba babu su. Ana ninka babbar takarda ɗaya ta ba da shafi 16 ko 32, to ninki ɗaya aka saka sau biyu. Babin manga da ke fitowa a mujallar mako-mako yawanci bai wuce shafi 19 ko 20 ba, ka ga kusan babi guda ya tafi, kuma a daidai inda rikici ya kai maƙura. Manga Plus, manhajar karanta manga da kamfanin Shueisha ya buɗe a 2019, galibi babi uku na farko da uku na baya-bayan nan take bayarwa kyauta, don haka ba lallai giɓin tsakiya ya cike a can ba. Sai dai amfaninta ɗaya a nan: in labarin yana cikinta, ka buɗe babi na farko ka kwatanta da littafin, nan take za ka ga yawan abin da aka ci maka.

Gam ɗin ma na narkarwa ne, siriri, kuma ba ya jimirin zafinmu. Ka bar littafin a mota da rana, ko ka danne shi ya buɗe ɗai-ɗai don ganin tsakiyar zane, za ka ji ƙas, shafuka su fara zarewa. Biyu daga cikin goman sun riga sun saki.

Wanda ya nace sai ya saya, ya sa a turo masa hoton shafin ciki mai inuwa, na kusa sosai, da bidiyon ana fifita kowane littafi yana kallon lambar shafi. In mai kaya ya fara kame-kame yana sake turo hoton bango, ka riƙe kuɗinka.