Sandal ko Takalmi Mai Wuya: Wanne Ya Dace da Hawan Dutsen Nur?

Hausawa mazauna Makka sun san cewa hawan Dutsen Nur, inda Kogon Hira yake, aiki ne na ƙafa, domin tsayinsa ya kai kimanin mita 640, matakalarsa kuma ba a daidaice take ba.

Sandal mai maɗauri ba shi da nauyi, yana barin ƙafa ta sha iska, cire shi lokacin alwala ma ba wuya. Sai dai yatsu a waje suke, tsakuwa kan shige ƙarƙashin tafin ƙafa, a gangara kuwa ƙafar da ta yi gumi takan zame gaba.

Takalmi rufaffe mai wuya ya fi tsada, ya fi zafi, amma yana riƙe idon sawu, ƙasansa mai gurbi-gurbi kuma yana kama dutse lokacin saukowa, wanda shi ne ya fi wahalar da gwiwa. Wajen saye, a gwada shi da yamma, sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Ga mai goyon jaka, ko mai nufin duwatsun Asir kusa da Abha inda ake sanyi, wannan na fi yarda da shi.