Ina baƙo zai ci abinci a Kano idan kwana biyu kawai gare shi?

Wanda ya tsara hutun 'yan kwanaki, yau Zariya, gobe Kano, gata Katsina ko Daura, ba shi da cikin da zai yi gwaji da shi. Abinci ɗaya ya ɓata masa ciki, sauran tafiyar ta lalace. Ga Kano da faɗi, ga wuraren cin abinci a kowace kwana, kuma duk wanda ka tambaya sai ya nuna maka nasa. Shi ya sa ya kamata ka san inda za ka dosa tun kafin mota ta sauke ka a Unguwa Uku, ko jirgi ya ajiye ka a filin Malam Aminu Kano.

Abincin otal ba shi da laifi, sai dai tsada, kuma irinsa za ka ci a Abuja ko Legas. Gidajen gilashi masu na'urar sanyi da ke Zoo Road da Bompai da Nassarawa, masu soyayyar shinkafa da kaza da shawarma, na mai tafiya da yara ne da ke neman wurin zama da banɗaki mai tsafta. Abincin tasha kuwa, bar shi. Mai sayar da shi ya san ba zai sake ganin ka ba. Sabon Gari na da nata: sakwara da miyar agushi, amala, teba, farfesun kifi, kuma akwai masu iyawa ƙwarai. Amma wanda ya taso takanas don ya ga Kano, wannan abincin zai same shi a ko'ina cikin Najeriya.

Ni dai zaɓina gidan tuwo, irin wanda mace ɗaya ta riƙe shekara da shekaru, da 'yan matanta masu zuba abinci, da benci ko tabarma, tukunya na kan murhu kana ganin ta. Akwai su a Fagge, da kewayen Kantin Kwari, da lungunan da ke zagaye da Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Dalilina ɗaya ne: masu cin abincin wurin 'yan kasuwa ne da masu sana'a da ke dawowa kullum. Ranar da miya ta canza ɗanɗano, a take za su faɗa mata, kuma idan ta sake, sun koma maƙwabciyarta. Wannan tsoron ya fi kowace takardar shaida da ake maƙalawa a bango tsare maka lafiya.

Idan ka shiga, ka yi sallama, ka ce, “Hajiya, sannu da aiki, wace miya aka sauke yanzu?” Abin da aka sauke yanzu shi za ka ci, ko da ba shi ka zo nema ba. In ka yi sa'a ka dace da tuwon shinkafa da miyar taushe, to ka gama. Taushe ta gaskiya kabewa ce ke ba ta kauri da ɗan zaƙi, gyaɗa ta ɗaure ta, yakuwa ta kawo tsami, alayyahu bai dahu ya mutu ba, daddawa na tashi a hankali ba ta yi kururuwa. Idan aka ɗiga man shanu a kai ya narke, ba ka buƙatar wani tulin nama. Tuwon kuma ya tuƙu ya yi laushi, ba shinkafa da aka dunƙule a leda ba. Miyar kuka da tuwon masara ko na dawa ba ta kai taushe ado ba, amma ita ce ke nuna hannun mai girki, don ba ta da inda za ta ɓoye aibi: in ta yi gudaji ko ta tsinke, kowa zai gani. Busasshiyar kuɓewa ma haka. Wasu gidajen suna yin funkaso ko alkubus, wasu dambun shinkafa da zogale. In ka gani kada ka wuce.

Lokaci shi ne rabin sirrin. Ka je tsakanin azahar da la'asar, ko bayan magariba kaɗan, lokacin da layi ya yi tsawo. Na taɓa cin shinkafa da miya a wani wuri mai kujerun alfarma da fitilu, da daddare, ba kowa a ciki sai mu. Miyar ɗumame ce, an rufe tsaminta da barkono. Washegari a kan hanyar Katsina na gane kurena, kuma garin da na je gani daga kan gado na gan shi. Tun daga nan ba na duba kyawun kujera. Abu uku nake dubawa: abincin na ƙarewa a ranar da aka dafa shi, ina iya ganin tukunya, kuma da wane ruwa ake wanke kwano. Bahon ruwa ɗaya da ake tsoma kwanuka tun safe har ya koma kalar miya ya isa ya tashe ni, komai ƙamshin girkin.

Da safe ƙosai da koko ko kunun tsamiya, ko waina mai zafi da aka kwashe daga tanda a gabanka. Ɗanwake da man gyaɗa da yaji na riƙe ciki har la'asar, ya dace da ranar hawan Dutsen Dala ko zagayen Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, arha ne kuma Kanawa ba sa wasa da shi. Sai gurasa, wadda unguwar Jakara ta yi suna a kanta: ta alkama ce, a tanderu ake gasa ta, kuma idan aka yi bandashe da ita, aka barbaɗa ƙuli-ƙuli, aka zuba mai da albasa da tumatir, ita kaɗai abinci ce. Kabeji da kokwamba da ake yankawa a kai su ne abin lura. Mai raunin ciki ya ce a bar su. Tsire da balangu na dare ne, sharaɗin kawai a mayar maka da shi kan wuta ya yi zafi har ciki.

Inda baƙo ya fi cutuwa ba a kwano ba ne, a kofi ne. A 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu sun rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin lemo da wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, har hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta shiga maganar. Saboda haka zoɓo ko kunun aya ko lemon ƙulli da ba ka san wanda ya haɗa ba, musamman wanda aka ɗura a tsohuwar gorar ruwa, ka haƙura da shi. Zoɓon da ya yi ja fiye da kima, ko zaƙinsa ya tsaya a maƙogwaro da ɗan ɗaci, kala ce da sinadarin zaƙi. Kunun aya kuma ba ya jure zafi, idan ya wuni ba sanyi ya juya. Ƙanƙarar da ake jefawa ciki ma ba ka san ruwanta ba. Ka sayi ruwan gora, ka duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba.

Fura da nono ma an shigar mata da algus. Wasu madarar gari suke kwaɓawa su kwanar da ita su kira ta nono, wasu su tsinka nonon da ruwa sannan su nemo masa kauri da wani abu. Ka nemi kindirmo, ka ɗanɗana kafin a dama, kuma a dama a gabanka. Man shanun da ake tallarsa a kwalba ma ana cakuɗa shi da bota. Na gaskiya ƙamshinsa ba ya ɓuya.

Sai maganar kuɗi. A wurin da ba a rubuta farashi ba, ka tambaya kafin a zuba: nawa malmala, nawa yankan nama. A gidan tuwo ba a cika yi wa baƙo ƙari ba, don maƙwabcinka a benci yana jin abin da aka ce maka. A teburin mai nama ne ake yi, inda za a yi ta yanko maka “ɗanɗani” har a lissafa da shi. Ka faɗi na nawa kake so tun farko. Ɗan adaidaita sahun da ya nace sai ya kai ka wani wuri “na manya” wataƙila yana da lada a can. Ka tambaye shi inda shi kansa yake cin na rana, nan za ka je. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don ba kowace mai tuwo ke karɓar tiransifa ba, kuma sabis na iya ɗaukewa kana tsaye da kwano a gabanka. Ranar Juma'a wurare da yawa na rufewa lokacin masallaci, Asabar ɗin ƙarshen wata da safe ana tsaftar muhalli ba a zirga-zirga, da azumi kuma ba a samun abincin rana a cikin gari.

Kilishi shi ne tsarabar da kowa ke ɗauka, kuma a nan ake yi wa matafiyi babbar cuta. Agadasawa ce unguwar da aka sani da shi, kuma gara ka je can da ka saya ta tagar mota. Na ƙwarai nama ne da aka yi wa labu, wato kwaɓin tunkuzar gyaɗa da kayan yaji, daidai, idan ka yage shi za ka ga zaren naman. Na ha'inci labu ne ya fi yawa, an ƙara kala don ya yi ja, yana ɓarɓashewa a hannu, wani har da warin tsohon mai. Kada ka karɓi ƙunshin da aka riga aka naɗe, don falle mai kyau ake ɗorawa a sama, ƙasa duk gutsattsari. Ka zaɓi fallenka da kanka, a ɗan gasa shi, a bar shi ya huce, sannan a naɗe a takarda kana kallo. In aka ƙulle shi da ɗumi a leda zai yi gumi, kafin ka kai Katsina ya fara fumfuna.