Allurar AQUAVAC Strep Sa ta karfasa: tana aiki, amma sai an yi gwaji tukuna

Duk mai kiwon karfasa a keji a Tafkin Volta na Ghana ya san abin da zafin ruwa kan zo da shi: kifi ya daina cin abinci, idanunsa su fiffito su yi fari, ya riƙa juyi a saman ruwa har ya mutu. Sau da yawa ƙwayar Streptococcus agalactiae ce sanadi, kuma domin ita kamfanin MSD Animal Health ya samar da wannan rigakafi, wanda muka yi amfani da shi a gonarmu.

Matattun ƙwayoyin cutar ne aka haɗa da mai, ana yi wa kowane kifi da ya kai giram 15 allurar mililita 0.05 a kogon cikinsa. Kifin da aka yi wa ya jure lokacin zafi fiye da wanda ba a yi wa ba, kuma mun rage zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abinci, abin da na fi jin daɗinsa, domin yawan amfani da shi ne ke sa cuta ta daina jin magani.

Sai dai ƙwayar iri-iri ce, kuma wannan allura ta irin da ake kira Ib ce kawai. Ga wasu daga cikin sauran akwai wata daban mai suna Strep Sa1. Wanda ya saya ba tare da ya kai kifin da ya mutu ɗakin gwaje-gwaje ba, yana iya zubar da kuɗinsa a banza sannan ya zargi maganin. Haka kuma ba ta da tasiri a kan cutar ISKNV, wata cutar bairas mai lalata saifa da ƙodar kifi, da ta yi wa gonakin tafkin ɓarna tun daga ƙarshen 2018, kuma allurar ba ta tarwaɗa ba ce.

Aikin ma ba ƙarami ba ne. Dole a ajiye kwalbar a firji kada ta daskare, a hana kifin abinci kafin ranar, a sumar da shi, sannan ƙwararrun hannaye su bi dubban kifaye ɗaya bayan ɗaya. Babbar gona za ta iya ɗaukar wannan nauyi. Mai keji biyu ko uku kuwa, ya fi masa sauƙi ya nemi 'ya'yan kifin da aka riga aka yi wa allurar daga masu ƙyanƙyasa, ya kuma buƙaci shaidar likitan dabbobi kafin ya biya.