Ƙusa da jirgin ruwa: ƙarfe ɗaya, makoma biyu

Malam, ka tambaya me ya sa 'yar ƙusa take nutsewa nan take, alhali jirgin ƙarfe mai ɗauke da dubban tan na kaya yana zaune a kan teku lafiya lau. Nauyi kaɗai ba ya yanke hukunci a nan. Abin dubawa shi ne yawan ruwan da abu ya ture daga mazauninsa.

Samo ƙarfe kilo ɗaya har guda biyu. Ɗaya ka bar shi dunƙule, ɗayan maƙeri ya buge shi ya zama kwano mai faɗi da zurfi. A sikeli nauyinsu ɗaya.

Dunƙulen ba shi da wata dabara. Idan girma ya zo ɗaya, ƙarfe ya ninka ruwa nauyi kusan sau 8, don haka ruwan da zai ture bai wuce gram 130 ba. Shi kuwa ruwa yana tura abu sama ne daidai nauyin abin da aka ture masa, ƙa'idar da masanin Girka Arkimidis na birnin Sirakusa ya gano tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Gram 130 na turawa sama, kilo guda na ja ƙasa. Sai ƙasa.

Kwanon fa? Ɗora shi a hankali ka zuba ido. Zai fara shiga kaɗan-kaɗan, ruwa na hawa gefensa, har ya ture lita ɗaya, wato kilo ɗaya cif. A nan zai tsaya cak, bakinsa a waje, cikinsa iska ce zalla. Jirgi kwano ne babba, ba wani abu ba. Karkata kwanon ruwa ya cika shi, yanzun nan zai bi sahun dunƙulen, kuma abin da ke kashe jirgin da ya huje ke nan.

Irin ruwan ma na da tasiri. Litar ruwan teku ta kai kusan gram 1,025 saboda gishiri, shi ya sa jirgi ke ƙara shigewa cikin ruwa idan ya baro teku ya shiga kogi. Zanen nan mai nuna iyakar lodi da ke gefen manyan jiragen kaya, wanda ɗan majalisar Birtaniya Samuel Plimsoll ya yi wa fafutuka har dokar Birtaniya ta 1876 ta tilasta shi, yau yana da layin ruwan daɗi daban, na ruwan gishiri daban.