Dabbar roba ko mai rai: da wacce ɗalibin jinyar dabbobi zai fara?

Dabbar roba, wato siffar dabba da ake ƙerawa don gwaji, ba ta cizo, ba ta harbi. Ɗalibi zai soka mata allura, ya kuskure jijiyar wuya, ya sake, ba wanda ya wahala.

Mai rai kuwa tana koyar da abin da roba ba za ta iya ba. Doki in ya kwantar da kunnuwa baya, gargaɗi ne. Saniya takan yi harbi ta gefe, don haka wurin tsayuwa ma darasi ne. Zafin jikin lafiyayyen kare digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Celsius, amma tsoro kaɗai yakan ɗaga shi.

A ganina, a fara koyon allura da roba. Kamu da riƙo kuwa, a kai ɗalibi garke tun da wuri, malami na tsaye kusa da shi.