Hotunan kyauta don shafin intanet: wace kafa ce ta dace da aikinka?

Kusan duk hoton da ka gani a intanet yana da mai shi, ko an rubuta sunansa a jiki ko ba a rubuta ba. Haƙƙin mallaka yana hawa kan hoto ne tun daga lokacin da aka ɗauke shi, ba sai an yi rajista ba. A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare hoto tsawon shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi. Google kuwa ɗan jagora ne kawai, yana nuna maka inda hoto yake amma ba nasa ba ne, don haka rubuta "Hoto: Google" a ƙasa ba ya wanke kowa. Idan mai hoto ya gano, abu biyu ya saba faruwa. Ko ya kai koke ga kamfanin da ke ajiye maka shafin, wanda in a Amurka yake dokar DMCA ta 1998 za ta sa ya sauke hoton ko shafin cikin gaggawa, ko kuma takardar neman kuɗi ta iso, sau da yawa a dala ko yuro.

Kafofin da za ka ɗauko hoto da izini ba iri ɗaya ba ne. Kafin ka zaɓa, ka fara amsa tambaya guda: shafin nan na ciniki ne, ko na labarai da ilimi?

Rukuni na farko su ne Unsplash, Pexels da Pixabay. Nan ne mafi sauƙi, domin kowace kafa tana da lasisi guda da ya hau kan dukkan hotunanta na kyauta: ka sauke, ka gyara, ka sa a shafin kasuwanci, kuma ba dole ba ne ka ambaci mai ɗaukar hoton. An fara Unsplash a Kanada a 2013, kamfanin Getty Images ya saye ta a 2021. Hotunanta sun fi kyan haske da tsari, sun dace da babban hoton saman shafi. Pexels ta ƙara da gajerun bidiyo. Pixabay, wadda ta fara a Jamus a 2010, ta fi su tarkace: zane-zane, alamomi, har da sauti, sai dai mai kyau da marar kyau a haɗe suke, sai ka tsaya ka tace. Pexels da Pixabay duka suna hannun Canva tun 2019.

Mutane da yawa har yanzu suna ɗauka hotunan waɗannan kafofi ba su da wani sharaɗi ko kaɗan. A da haka ne, amma Unsplash ta koma nata lasisin a 2017, Pixabay ma a 2019. Yanzu ba a yarda ka sayar da hoton yadda yake ba, misali ka buga shi a kalanda ko riga ba tare da wani aiki naka a kai ba, kuma ba a yarda ka kwashe su ka buɗe irin tasu kafar ba. Akwai wani tarko kuma: a cikin sakamakon bincike sukan cusa hotunan kuɗi na talla, ko masu alamar Unsplash+. Idan ka latsa hoto ya kai ka wani shafi daban, ko ka ga rubutu ya ratsa jikinsa, wannan ba na kyauta ba ne. Freepik ma ana yawan haɗa ta da su, alhali hotunanta na kyauta suna buƙatar ka rubuta sunan kafar.

Babban raunin wannan rukuni a wurinmu shi ne ƙarancin hotunan ƙasarmu. Ka nemi "Africa" za ka sha giwaye da faɗuwar rana a dajin Kenya. Ka nemi ɗalibi ko likita, mafi yawa Turawa ne a ofisoshin da ba su yi kama da namu ba. Kafar Nappy ta rage wannan giɓi da hotunan baƙaƙen fata, amma rayuwar Amurka ta fi yawa a ciki.

Nan ne Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da shi, ta sha gabansu. An buɗe ta a 2004, tana da fayil sama da miliyan 100, kuma gasanni irin su Wiki Loves Africa, da aka fara a 2014, sun sa masu ɗaukar hoto na gida sun ɗora abubuwa masu yawa. Hawan sallah a Kano da Katsina, marinar Ƙofar Mata, masallacin Agadas, fadar Damagaram, tuwo da miya, dambe, duk za ka samu. Ka yi bincike da Turanci da Faransanci da Hausa, domin kowa da harshen da ya sa wa hotonsa suna, sannan ka gangara ƙasan shafin hoton ka bi rukunin da aka jera shi, a nan ne 'yan'uwansa suke. Kuɗin da za ka biya a nan shi ne karatu: kowane hoto da nasa lasisin, sai ka duba ɗaya bayan ɗaya.

Yawancinsu lasisin Creative Commons (CC) ne, wato izinin da mai hoto ya ba kowa bisa wasu sharuɗɗa da ake nunawa da haruffa, kuma haruffan ba su da wuyar ganewa. CC0 na nufin mai hoton ya sallama haƙƙinsa gaba ɗaya. BY na nufin dole ka ambaci sunansa. SA na nufin in ka sarrafa hoton ka fitar da sabon abu, sabon ma sai ya fita da irin wannan lasisi. Wannan ba ya tilasta maka sallama rubutunka don kawai ka sa hoton a gefensa yadda yake. NC ya hana amfani don neman kuɗi, ND kuma ya hana sauya hoton. Commons ba ta karɓar NC da ND, shi ya sa ta fi kwanciyar hankali. A Flickr kuwa, wata kafar da mutane ke ɗora hotunansu, suna nan birjik. Idan shafinka yana ɗauke da tallan Google na AdSense ko kana sayar da wani abu, ka bar NC gaba ɗaya. Idan za ka yanke hoto ko ka rubuta kanun labari a kansa, ka bar ND.

Ambaton mai hoto shi ne inda aka fi faɗawa rami. Abu huɗu ake so a ƙarƙashin hoton: sunan hoton in yana da shi, sunan mai ɗaukarsa, mahaɗin da zai kai mutum inda ka ɗauko, da sunan lasisin tare da lambarsa da mahaɗinsa, misali CC BY-SA 4.0. In ka yanke ko ka sauya launi, ka ƙara "an gyara". Lambar nan tana da muhimmanci ƙwarai. Sigar 4.0 ta 2013 ta ba ka kwana 30 ka gyara kuskure bayan ka gano shi, izininka ya dawo. Tsofaffin sigogi irin 2.0, waɗanda suka cika Flickr, ba su da wannan rangwame: da ka yi kuskure izinin ya faɗi. Akwai masu farautar irin wannan kuskure da manhajar binciken hoto don su nemi diyya. Idan hotuna biyu sun yi maka daidai, ɗauki na 4.0 ko CC0.

Openverse, kafar binciken hotuna masu lasisin Creative Commons wadda ke ƙarƙashin WordPress tun 2021, da matatar "Usage rights" ta Google suna taimakawa wajen nema, amma ba sa tantance gaskiyar lasisi. Ka bi hoton har gidansa na asali ka karanta da idonka.

Mai shafin tarihi ko kimiyya yana da wata hanya. Gidan tarihi na Metropolitan a New York ya saki dubban ɗaruruwan hotuna da CC0 a 2017, cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian a Amurka ta bi sahu a 2020. Hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ma galibi ba su da haƙƙin mallaka, ban da tambarinta.

Akwai abin da babu lasisin da ya ɗauke maka shi. Izinin mai ɗaukar hoto daban, yardar wanda ke cikin hoton daban. Kafofin kyauta ba sa ba ka tabbacin cewa mutumin ya sa hannu a yi talla da fuskarsa. Kada ka ɗauki hoton wata baiwar Allah a kasuwa ka sa a tallan maganin gargajiya, ko a labarin mutuwar aure ko shaye-shaye. Ko doka ba ta kama ka ba, ka ci mutuncinta a garin da aka san ta, kuma lasisin Pexels da na Pixabay sun hana nuna mutum ta hanyar da za ta zubar masa da ƙima. Haka hoton yara, haka tambarin kamfani da ya fito ɓaro-ɓaro. Don talla, ka zaɓi hoton hannaye, kaya, ko wanda aka ɗauka ta baya. In kuwa tallan babba ne da za a kashe masa kuɗi, sayen hoto ɗaya mai takardar yarda ya fi arha a kan rigima.

Kowa na iya ɗora hoton da ba nasa ba a waɗannan kafofi. Kafin ka yi amfani da hoto mai muhimmanci, ka saka shi a TinEye ko Google Lens, manhajojin da ke nuna sauran wuraren da hoto ya bayyana a intanet. Idan ya bayyana a kafar sayar da hotuna da sunan wani daban, ka rabu da shi. Bayan haka ka ajiye shaida: hoton allon shafin da ke nuna lasisi, mahaɗin, da ranar da ka sauke, duk a jaka guda. Mai hoto a Flickr zai iya sauya lasisi gobe, amma izinin Creative Commons da ka riga ka samu ba ya warwarewa, muddin kana da abin nunawa.

Kada ka ɗora hoton da girmansa na asali. Na Unsplash yakan wuce fiksel 4000 a faɗi, nauyinsa megabait da dama, zai cinye datar mai karatu ya sa shafin jan ƙafa a waya. Ka rage faɗin zuwa fiksel 1200 ko 1600, ka matse shi da shafin Squoosh ko TinyPNG, ka mai da shi WebP, wato nau'in fayil marar nauyi, ka nemi ya tsaya ƙasa da kilobait 200. Ka ɗora shi a naka shafin, kada ka jawo shi kai tsaye daga na wani, don ranar da suka goge shi fili za ka tarar.

To, wanne za ka ɗauka? Shafin kasuwanci mai son ado ba tare da ɗawainiyar ambato ba, Pexels ko Unsplash. Mai buƙatar zane da alamomi, Pixabay. Shafin labarai, al'adu ko makaranta da ke magana kan garuruwanmu, Commons, tare da cikakken ambato. Kayan da kake sayarwa kuwa, atamfa ce ko takalmi ko kilishi, ka ɗauke su da wayarka a bakin taga da hantsi, a kan farin ƙyalle, ka goge gilashin kyamarar tukuna. Mai saye yana son ganin ainihin abin da za a aiko masa, kuma wannan hoton kai ne mai haƙƙinsa. In ka ɗauko mai hoto ka biya shi, ku rubuta a takarda cewa ya ba ka izinin amfani da hotunan a shafi da talla, ya sa hannu kafin a fara aiki.