Mutumin da ya zo gyara abin da bai lalace ba

Wata ranar Litinin na dawo daga aiki na tarar an liƙa takarda a ƙofar shiga benenmu a nan Dortmund, a ƙasar Jamus. An rubuta cewa ranar Alhamis ta makon sama, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, mai gyara zai zo duba injin ɗumama ɗaki na kowane gida, kowa ya tanadi wanda zai buɗe masa ƙofa. Na kira mai gidan na ce masa nawa lafiyarsa ƙalau, ruwan zafi na zuwa, ɗaki da ɗuminsa, kada a wahalar da bawan Allah. Ya ce ai don yana da lafiyar ne za a zo, kuma yana cikin takardar hayar da na sa wa hannu: sau ɗaya kowace shekara, kuɗin aikin kuma daga aljihuna.

Raina bai so ba. Sama da yuro 100 a kan abin da ko tari bai yi ba, ga shi sai na roƙi a sauya mini lokacin aiki a gidan tsofaffin da nake aikin jinya.

Ƙarfe 8 da 'yan mintoci ya danna ƙararrawa, shi da yaronsa. Kafin su taka dardumata sai da suka zura leda a kan takalmansu. Injin yana manne a bangon banɗaki, da iskar gas yake aiki, shi ke dafa ruwan da ke zagaya bututun ɗakuna da kuma na wanka. Mutumin ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya kwance murfi, ya goge inda wuta ke ci, ya auna ƙarfin ruwan, ya zura wata na'ura a bututun hayaƙi ta fito da 'yar takarda mai lambobi. Sai ya ciro wata baƙar roba mai zagaye ya ajiye gefe, ya sa sabuwa. Na ɗauki tsohuwar na jujjuya ta, ban ga tsaga ko ɗaya ba. Na ce masa me ta yi? Ya ce ba ta yi komai ba tukuna, amma ta fara tauri, in an bar ta, hunturun bana ko na baɗi za ta fara yoyo, kuma ba za ta jira gari ya waye ba.

Abin da ya tsaya mini a rai yana cikin murfin nan. Sitika ce a jere, kowace shekara da tata, da kwanan wata da sa hannun wanda ya duba, tun shekarun da nake Kano ban ma taɓa jin sunan garin nan ba. 'Yan haya sun shiga sun fita, masu gyaran ma hannunsu ya sauya, amma babu shekarar da aka tsallake. Ya liƙa tasa a ƙarshen layi. Yaron ya share ƙurar da suka zubar, suka tafi da shararsu. Ba wanda ya ce in ba yara na ruwa.

Tun daga ranar nake lissafin abubuwan da suka mutu a unguwarmu ta Kano ba don tsufa ba. Rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan 'yan watanni kan famfo ya saki, aka ɗaure da ƙyallen roba, tankin ya fara ɗiga, ƙarfen da ke ɗauke da shi ya ci tsatsa, yau yara sun koma bin 'yan garuwa. Fitilun sola na bakin titi, waɗanda ba wanda ya taɓa hawa ya goge musu ƙurar hunturu. Janareton masallaci da ba a sauya wa baƙin mai sai ranar da ya buga. Taransfoma, da ba ma tunawa da ita sai ta yi bindiga, sannan a bi gida-gida ana karo-karon da ya ninka kuɗin kula da ita sau nawa. Kwata kuwa sai ruwan Agusta ya shigo tsakar gida muke neman shebur. Ba ma kiran mai gyara sai abu ya mutu murus, shi kansa mai gyaran in ka ce ya zo ya duba abin da ke aiki, zai ɗauka kuɗi ne suka yi maka yawa.

Kada kuma wani ya ce mini wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu ba mu gada ba. Mun gada, yar da ita muka yi. A gidan kakana a cikin birni, da zarar bazara ta kama za a kwaɓa ƙasa, a hau soro a yi masa yaɓe, a bi katanga a toshe duk inda ta tsage, a shafe da makuba, a gyara indararo tun hadari bai haɗu ba. Da rani a yashe rijiya. Mata su sake daɓen ɗaki. Ba wanda ya jira soro ya rufta kafin ya kira magini, domin kowa ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ganuwar Kano da muke alfahari da ita ba da kanta ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye ba, gayya ake yi mata. Iyayenmu kuma har yau suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda zai shigo har cikin gida ya leƙa randa da masai, in ya ga ƙazanta a ci mutum tara. Da siminti da kwano suka zo sai muka ɗauka an gama da wahala, ginin bulo ba ya buƙatar kowa. Ga shi nan kuwa muna gani, gidan shekara goma ya fi na kakanninmu tsufa.

Su a nan duba-garinsu bai mutu ba. Akwai mai duba bututun hayaƙi, sanye da baƙaƙen kaya, hukuma ce ke ba shi yanki na tsawon shekara 7, kuma doka ta ce dole a buɗe masa ƙofa. Yana auna hayaƙin injin don kada gubar da ba ta da wari ta kashe mutane cikin barci. Wanda ya zo gidana ma ba haka kawai ya sayi sifana ya buɗe shago ba. Mai wannan sana'a shekara 3 da rabi yake koyo, wasu ranaku a wurin aiki, wasu a makaranta, ana biyansa albashi, sannan ya zauna jarrabawa. In yana son buɗe nasa kamfanin sai ya ƙara wani karatun ya zama cikakken ubangida a sana'ar. Haya ma haka take. Ranar da na karɓi makulli, ni da mai gidan muka zaga ɗaki-ɗaki yana rubuta duk wani ƙarzane a bango, muka sa hannu. Na ajiye kuɗin jingina, wanda doka ta hana ya wuce hayar wata 3, in na ɓata gida a cire, in ban ɓata ba a mayar mini. Mu kuwa mai gida ya karɓe kuɗin shekara ya ɓace, ɗan haya ya ce ai ba gidan ubansa ba ne, rufi na yoyo kowa na jiran kowa. Wutar lantarki ba zan ma tsaya a kanta ba: a 2023 ɗaukewar da ta yi wa kowane gida a Jamus, in aka raba daidai, minti 12.8 ne a shekara ɗungurungum.

To amma in ana maganar hannu, wallahi ba su kama ƙafar mutanenmu ba, kuma a nan ne takaicina yake. Wayata ta daina caji. Shagon farko suka ce sai an aika da ita wani gari, mako biyu, kuɗin kuma ya kusa rabin na sabuwa. Na biyu ko buɗe ta bai yi ba ya ce in sayi wata. Abin da yaro a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai zauna da ɗan ƙarfen narka dalma ya gama kafin ka shanye lemonka! Injin wankin maƙwabciyata ya tsaya, mai gyara ya caje ta kuɗin tahowa, ya kalli injin, ya ce gyaran bai cancanta ba, ya tafi. Washegari na gan shi a ƙofar gida yana jiran motar kwashe tarkace, fes da shi. Na tsaya a kansa ina tuna masu riwaya da ke naɗe koyil ɗin fanka da hannu, da mutanen Panteka a Kaduna waɗanda in an rasa wani ƙarfe a kasuwa za su ƙera maka shi a gabanka. A nan ba a gyarawa, sauyawa ake yi. Sai a 2024 Tarayyar Turai ta yi dokar da za ta tilasta wa kamfanoni su riƙa gyara wasu kayan da suka sayar. Kuma in ba aikin gaggawa ba ne, ka kira mai gyaran famfo yau ya ba ka rana a wata mai zuwa, domin masu sana'ar sun yi ƙaranci, samari ba sa son shiga.

Sai dai ranar da ya ba ka ɗin, zai zo. Wannan ne ke ƙona mini rai game da namu. Mutum ga basira, ga hannu mai albarka, amma ya karɓi kuɗin kaya ya kashe waya. Tela ya riƙe ɗinki har a sauko daga idi. Bakanike ya ce ya sa sabo, ashe ɗan Beljiyam ya wanke da fetur. Birkila ya rage siminti don ya san ba wanda zai tambaye shi bayan shekara biyu. Mafi muni, mu jingina alkawarin da ba mu da niyyar cikawa da sunan Allah, mu ce gobe in sha Allahu alhali mun san goben ba ta cikin lissafinmu. A nan duk sabon abin da ka saya a shago, doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakinsa har shekara 2. Mu kuwa a rasit ake buga mana cewa kaya in sun fita ba sa dawowa.

Ta fannin fasaha ma kada a ruɗe ku da hotuna. Na buɗe asusun banki, katin ya zo a wasiƙa, lambar sirri ta biyo a wata wasiƙar daban bayan kwanaki. Ofisoshi da asibitoci da dama har yau suna aiki da na'urar faks. Akwai gidan burodin da in ba ka da tsabar kuɗi sai ka haƙura. Tura kuɗi daga banki zuwa banki a da sai ya kwana, sai a watan Oktoba 2025 doka ta wajabta wa bankunan ƙasashen yuro su riƙa turawa cikin daƙiƙa 10 ba tare da ƙarin caji ba. In na gaya wa abokan aikina cewa mai shayi a Kano ya daɗe yana karɓar taransfa, yana jiran alat kafin ya miƙa maka canji, sai su yi ta kallona.

Su ma suna da nasu sakacin, kuma babba. Ranar 10 ga Satumba 2024 ruwan dam ɗin Alau ya mamaye Maiduguri, aka yi asarar rayuka, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu, bayan an daɗe ana kokawa da halin da dam ɗin yake ciki. Washegari da tsakar dare wani ɓangare na gadar Carola a birnin Dresden na nan Jamus ya rufta cikin kogin Elbe, ƙarafan cikinta sun ci tsatsa. Allah ya tsare babu kowa a kai. Kusa da mu nan, gadar Rahmede da ke kan babbar hanyar A45 an rufe ta a Disamba 2021, aka rushe ta a Mayu 2023, manyan motoci suka koma ratsa cikin garin Lüdenscheid dare da rana. Amma ita wannan masu dubawa ne suka gano lalacewarta, aka tare hanya tun ba ta faɗo da kowa ba.

Ranar Lahadi ce ke karya mini zuciya. Shaguna a rufe, ba a buga ƙusa, ba a huda bango, ko kwalba ba a jefawa a mazubinta don kada ƙara ta dami mutane. Bene mai gidaje da yawa, amma sai ka yi mako ba ka ji sallamar kowa ba. A wurin aikina akwai tsofaffin da ake duba gadonsu da ƙararrawar ɗakinsu a kan lokaci, ba a taɓa fashi ba, amma wata ya zo ya wuce ɗansu bai leƙo ba. Mu a gida in famfo ya fashe da dare, kafin ka gama salati maƙwabta sun shigo da bokiti da tocila. Wannan ba na son mu rasa shi ko da me za a ba mu.

Watan jiya na tura wa ƙanena kuɗi na ce ya kira wanda ya haɗa wa Hajiya sola, ya zo ya duba ruwan batir, ya ɗaure wayoyin da suka saki, ya wanke faifan, sannan a hau rufin ɗakinta a duba kusoshi kafin ruwa ya sauka. Na ce a sami littafi a rubuta ranar da abin da aka yi, bayan wata uku a sake. Ya ce, "Yaya, ai ba abin da ya same su, da dai ka bari a ƙara a kuɗin cefane." Na ce na cefane daban, zan turo. Mai solar ma da aka kira shi cewa ya yi in ta lalace a neme shi. Na ce wa ƙanena ya gaya masa zan biya shi cikakken kuɗin aiki ko da bai sami komai ba, in kuma ya ƙi a nemo wani. Har yanzu ba a hau rufin ba, ga shi an fara ganin hadari a gabas.